Bindigar Toka: Daga Ganuwar Burmi Zuwa Gabar Nilu

   

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, a ƙasar Sudan, a gabar yamma ta kogin da Larabawa suke kira Nilul Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, kaɗan kudu da birnin Sinnar, akwai wani gari mai suna Mai Wurno. Baƙon da ya sauka cikinsa daga Katsina ko Maraɗi zai ji Hausa da Fillanci suna tashi a kasuwa kafaɗa da kafaɗa da Larabci. Haka abin yake a ƙauyuka da yawa na lardin Jazira, da waɗanda suka jeru bakin kogi har zuwa Damazin da Rusairis. Wasu daga kakannin mutanen nan mahajjata ne da guzuri ya yanke musu a hanya, wasu manoma ne da neman abinci ya kai su. Amma tushen garin Mai Wurno kansa yaƙi ne, yaƙin da aka yi asararsa a shekarar 1903. Ba kuwa za a fahimci yadda aka yi wannan asara ba sai an san irin bindigar da ke hannun kowane ɓangare.

Saboda haka muka ga ya dace mu ɗauko tsohuwar bindigar nan ta kakanninmu, mu warware ta gaɓa-gaɓa a gaban iyalinmu, domin littafin tarihi ce da aka rubuta da ƙarfe da itace.

Sunayenta

Hausawa sun ba ta sunaye da yawa. Wasu su ce bindigar toka, wasu su ce adaka, wasu su ce bindigar baushe, da sunan itacen nan mai ƙarfi, masu barkwanci kuma su ce harba-ka-ruga. Duk abu ɗaya ake nufi: bindigar da ake ɗurawa ta baki, a harba sau ɗaya, a sake ɗuri.

Kalmomin da suka kewaye ta kuwa daga Larabci suka zo mana. Bindiga daga bunduƙiyya take, albarushi daga albarud, harsashi kuma daga arrasas, wato dalma. 'Yan'uwanmu na gabar Nilu suna jin asalin waɗannan kalmomi kullum a bakin maƙwabtansu. Masu karatun Faransanci a cikinmu su ma ga tasu tsarabar: kalmar fusil, kafin ta zama sunan bindiga, ma'anarta ƙyastu, wato ƙarfen da ake ƙyasta wuta da shi. Wannan kuwa shi ne dukan sirrin bindigar. Duk wanda ya taɓa ganin tsoho ya ɗauko ƙyastu da ƙanƙara da ɗan auduga ya tayar da wuta, to ya riga ya san rabin aikinta.

Gaɓoɓi uku

Gaɓa ta farko ita ce bututu. A zamanin dā maƙeri yakan ɗauki doguwar fallen ƙarfe ya naɗe ta jikin sandar ƙarfe, ya yi ta zuga yana duka har bakunan biyu su haɗe su zama jiki ɗaya, sa'an nan a rarake cikin a goge shi, a toshe gindin. Kusa da gindin akan huda wata 'yar ƙofa wadda ba ta fi tsinke kauri ba. Ta nan wuta take shiga.

Gaɓa ta biyu ita ce gidan wuta, kuma nan gwaninta take. Akwai wani ƙarfe mai muƙamuƙi biyu da yake cije ƙanƙara. Faransawa suna kiransa kare, mutanen Ingila suna kiransa zakara. A gabansa ƙyastu yake tsaye, ya rufe wani ɗan kasko mai ɗauke da albarushi kaɗan. A ciki kuma akwai lanƙwasasshen ƙarfe mai ƙarfin komawa, irin wanda makanikai suke kira sifirin. Idan aka ɗana, aka taɓa kunama, sai ƙanƙara ta sari ƙyastu, ta kankaro ɓurɓushin ƙarfe masu ja da wuta, murfin ya buɗe, tartsatsin ya zuba cikin kasko, wutar ta bi ta 'yar ƙofar nan ta iske babban ɗuri. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. An daidaita wannan tsari a Faransa a farkon ƙarni na 17, kuma ana danganta shi ga wani maƙeri mai suna Marin le Bourgeoys, wanda ya yi wa Sarki Luwi na 13 aiki. Ya yi fiye da shekara 200 yana mulkin fagen fama, kafin a ƙago 'yar hular tagulla mai kamawa da bugu ɗaya, wadda ta kori ƙanƙara a ƙarni na 19.

Gaɓa ta uku ita ce ƙota. Wannan aikin masassaƙi ne: itace mai tauri wanda ya bushe sarai, a sassaƙe shi da gizago, a rarake masa kwarin da bututu zai kwanta, da gurbin da gidan wuta zai zauna daram ba girgiza. Idan gurbin ya karkace ko da faɗin ƙwayar gero ne, kasko ba zai yi daidai da 'yar ƙofar ba, bindiga kuwa ta zama sanda. A ƙarƙashin bututu akan bar wa sandar ɗuri wurinta.

Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Maƙeri da masassaƙi da baduku mai ɗinka zabirar harsashi, duk sai sun haɗu kafin a sami bindiga guda.

Masu haɗa ta don sha'awa

A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai mutanen da suka mai da haɗa irin wannan bindiga abin sha'awa, kamar yadda wani yake kiwon tantabaru ko dawaki. Sukan sayi bututu daban, gidan wuta daban, da guntun itace wanda aka fara sassaƙawa, su yi watanni suna goga da magagari, suna shafa baƙin fitila jikin ƙarfe su danna cikin itace don su ga inda ya taɓa, su kankare wurin, su sake gwadawa. Wadda suka fi kwaikwayo ita ce doguwar bindigar da maƙeran Jamusawa 'yan ƙaura suka ƙera a lardin Fensilbaniya a ƙarni na 18. Ita wannan an yi wa cikin bututunta zane murɗaɗɗe domin harsashi ya fita yana juyawa, ya tafi sak. Suna da ƙungiya tun shekarar 1933, wadda take taruwa a wani ƙauye mai suna Friendship a jihar Indiyana.

Abin lura a nan shi ne, ba ƙarancin makami ya kai su ga wannan wahala ba, domin ƙasarsu cike take da bindigogin zamani. Tarihin kakanninsu suke karantawa da hannuwansu. Mu kuwa, da muke da maƙeran da suka gaji wannan sana'a uba da kaka, ba mu cika tambayarsu kome ba sai farashin lauje.

Yadda ta iso mana

Ta hanya biyu bindiga ta shigo ƙasashenmu. Ta farko ta hamada, daga Tarabulus: Imam Ahmad ɗan Fartuwa ya ba da labarin 'yan bindigar Turkawa a rundunar Mai Idris Aloma na Borno a ƙarshen ƙarni na 16. Ta biyu ta bakin teku, inda fataken Turai suke sauke bindigogin da aka ƙera musamman don kasuwar Afirka a biranen Bamingam na Ingila da Liyej na Beljiyam. Ita kanta ƙanƙarar haja ce: garin Brandon a Ingila da ƙauyen Meusnes a Faransa sun shahara da fasa ta, ana zuba ta cikin ganguna zuwa ƙasashen duniya. Daga bakin teku kayan su ratso ƙasar Yarbawa da Nufe su iso Hausa da tsada. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne Sarkin Kano na farko da ya kafa 'yan bindiga masu tsaronsa.

Duk da haka, doki da mashi da baka su ne ƙashin bayan yaƙi. A shekarar 1826 Baturen nan Hugh Clapperton ya ga yaƙin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a Konya. Cikin rundunar mutum dubbai masu yawa, bindigogin da ya ƙirga ba su kai hamsin ba, ya kuma ga masu su suna harbawa su ruga inda kibiya ba ta kai, su sake ɗuri. Ashe sunan nan na harba-ka-ruga ba zolaya kaɗai ba ce. A Damagaram ne aka fi nisa da wannan ilimi, inda Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi dubbai, ya sa ake haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a cikin birnin Zinder.

Sa'an nan sai ga yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Burusal a 1890. A cikinta suka hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani masu ɗuri ta gindi, suka bar musu bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Sun ce yaƙi suke yi da cinikin bayi. Sakamakon dai shi ne, lokacin da rundunoninsu suka doso, mafi yawan abin da ke hannun kakanninmu makamin ƙarnin da ya shuɗe ne.

Ranar Burmi

Mu yi lissafi tare. Gwanin soja da ya sha horo yakan harba bindigar ƙanƙara kamar sau uku a minti ɗaya. Kowane harbi sai ya auna albarushi ya zuba ta baki, ya sa harsashi, ya danna da sanda, ya ciyar da kasko, ya ɗana. Idan abin harbi ya wuce taku ɗari, sai dai sa'a. Idan iska ta yi laima, albarushi ya ƙi kamawa. Ƙanƙara kuma takan dakushe bayan 'yan harbe-harbe. A ɗaya ɓangaren akwai bindiga mai ruwa ƙirar Maxim, wadda take zubar da harsashi wajen 500 a minti ɗaya, ga igwa, ga bindigogi masu cin dogon zango a hannun kowane soja.

Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, kuma a kowane wuri rundunar Ingila ba ta kai mutum dubu ba. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya zaɓi hijira. Ya nufi gabas, jama'a kuwa suka yi ta barin gonaki da garuruwa suna bin sa, sarakai da malamai da talakawa, mata da yara. A Burmi, kusa da kogin Gongola a ƙasar Gwambe, aka tsaya. A watan Mayu mutanen garin suka kori harin farko. Ranar 27 ga Yuli, tsakiyar damina, aka dawo musu da ƙarfi. Suka yi tsayuwar maza tun hantsi har yamma. Shugaban rundunar Ingila, Manjo Marsh, ya mutu a wurin, kuma kibiya mai dafi ce ta kashe shi, ba harsashi ba. Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Allah ya jiƙansu.

Ba rashin zuciya ya ci su ba. Shekara biyar kafin nan, ranar 2 ga Satumba 1898, rundunar Halifa Abdullahi ta gamu da irin wannan a Karari, bayan garin Omdurman, alhali tana da bindigogin da suka fi na Burmi nesa ba kusa ba. Wanda ya riƙe masana'anta shi ya riƙe fagen fama.

Abin da ya raya su a gabar Nilu

Ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya gabas. Bayan shekaru a hanya, wajen 1906, suka sauka ƙauyen Shaihu Talha a bakin Shuɗin Nilu, daga baya suka kafa garinsu a ƙetaren kogin, garin da har yau yake amsa sunansa. Ikon Allah, sun guje wa Ingilishi a yamma, suka iske su suna mulki a gabas.

A nan labarin ya juya. Abin da bindiga ta kasa tsarewa, fartanya da allo suka tsare shi. Suka sari daji suka shuka dawa, suka kafa makarantu, garin ya zama zango ga mahajjatan da suke tafiya a ƙasa zuwa Sawakin da Bur Sudan. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, Hausawa da sauran mutanen yamma suna cikin waɗanda guminsu ya ɗauke shi. Wasu suka zama masunta, wasu 'yan kasuwa, wasu malamai. Maƙeri da ya iya gyaran gidan wuta, uwar maƙerarsa da masabarsa da zuga-zuginsa ba su rasa aiki ba: garma da lauje da gatari ba su taɓa daina kasuwa ba.

Shekarun baya-bayan nan sun yi wa 'yan'uwan nan tsanani. A watannin Yuli da Oktoba na 2022 rikicin ƙasa ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu, a Rusairis da Wad al-Mahi da kewaye, aka rasa ɗaruruwan rayuka, dubbai suka bar gidajensu. A watan Afrilun 2023 babban yaƙi ya tashi a Hartum. Ya ci Wad Madani a Disambar wannan shekara, ya kai Sinja a Yunin 2024, kafin sojan gwamnati su karɓe biranen biyu daga baya. Hatta gidan tarihi na ƙasa da ke Hartum an washe shi. Jikokin waɗanda bindiga mai ruwa ta koro daga Burmi, ga shi jikokin wannan bindiga sun sake iske su. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Gado ce ko makami?

A garuruwanmu bindigar toka tana nan da ranta a wuri uku. Tana hannun 'yan bindigar sarki, masu girgiza gari ranar hawan salla. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya. Tana hannun maharba, kuma malaman Malikiyya na baya sun tattauna hukuncin abin da harsashin dalma ya kashe, da yawansu, kamar malaman Fas, suka halatta shi idan an ambaci sunan Allah. Wuri na uku shi ne mai ban tsoro: hannun samarin ƙauyukan da ɓarayin daji suka addaba, waɗanda suke zuwa wurin maƙeri ya haɗa musu kome da kome cikin gaggawa.

Ba mu raina halin da ya kai su ga haka ba. Amma gaskiya ɗaya ce. Bututun da aka yanko daga famfon ruwa ba a yi shi don ya jure wuta ba. Turawan da suka ƙera bindigogin nan sun san haka, shi ya sa aka kafa gidajen gwajin bututu, a Liyej tun 1672, a Bamingam tun 1813, inda ake ɗura wa kowane bututu fiye da kima a harba shi a bayan bango kafin a buga masa hatimi. Bututun da ba a gwada ba, mai shi ne abin gwajin, yatsunsa da idanunsa su ne jingina. Kuma darasin Burmi bai tsufa ba: mai harbi ɗaya ba ya karawa da mai ruwan harsashi.

Don haka ga abin da muke ba iyalanmu shawara.

Wanda ya gaji tsohuwar bindiga a gidansu, ya ɗauka ɗure take har sai masani ya duba. Albarushi yakan yi shekaru da yawa a cikin bututu bai mutu ba. Kada a rataye ta inda hannun yaro yake kai, kada a kusantar da ita ga murhu, kada kuma a kuskura a zuba mata garin harsashin zamani, domin fashewa za ta yi.

A bi doka. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon wajabta lasisi har ga bindigar da ake ɗurawa ta baki, ƙera ta kuma sai da izini. A Nijar ma riƙe bindiga sai da takardar hukuma. Mai sha'awar wannan sana'a ya fara da neman izini, ya zauna gaban maƙerin da aka sani, kada ya koya a ɓoye.

A koya wa yara ladabin makami. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin nuna ɗan'uwa da makami, da umurnin mai ɗauke da kibau ya riƙe tsininsu idan zai ratsa masallaci ko kasuwa. Sun kuma ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da māsu ranar idi, Manzon Allah (S.A.W.) bai hana su ba. Ke nan wasan makami na biki yana da gurbinsa, matuƙar an tsare lafiyar jama'a.

A ƙarshe, a rubuta. Mu aika 'ya'yanmu 'yan makaranta wurin tsofaffin maƙera da 'yan bindigar fada da littafi da alƙalami, su tambayi sunan kowace gaɓa da Hausa, da itacen da ake zaɓa, da wanda ya koya musu, da wanda ya koya wa wancan. Bindigar da aka san tarihinta, a rubuta sunan mai ita da inda ta je, in ya yiwu a ba da ita ajiya a wuri irin Gidan Makama na Kano ko gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Abin da ya sami gidan tarihin Hartum ya nuna mana cewa ajiya a gini kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da ajiya a takarda da zukatan yara.

Allah ya kwantar da wutar Sudan, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, ya tsare 'yan'uwanmu na Mai Wurno da Jazira da dukan gabar Nilu. Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sa ƙarfen maƙeranmu ya ƙare a garma da lauje. Amin.